Ƙafar Hagu ta Rylan

Kafin ku fara zazzaga mini zagi a ƙasan rubutun nan, ku bari in kai ƙarshe tukuna. Na san na yi laifi. Amma duk wadda ba ta taɓa buɗe waya ta ga saurayinta da wata mai dogon gashi ta rataye masa a wuya ba, ta ja bakinta ta tsuke, ba da ita nake ba.

Sunana Larisa, shekarata ashirin da shida, 'yar Orest mai washin takalmin ƙanƙara a garin Kalina, nan lardin Saskatchewan. Saurayin nawa kuwa Rylan Demchuk ne, ɗan bayan nan na wasan hokin kan ƙanƙara da garinmu ya kafa wa allo a bakin titi mai ɗauke da sunansa da lambar rigarsa. Shekara biyar ya yi a babbar gasa muna fankama da shi. Shekara biyun da suka wuce kuma sai abu ya juye. Yara 'yan shekara sha tara suna zagaye shi kamar an dasa tukunyar fure a tsakiyar fili, aka sauke shi ƙaramar gasa, kwangila ta ƙare, babu wanda ya ƙara neman sa. Ya dawo gida da jaka biyu da haƙoran gaba huɗu na roba da yake cirewa in zai shiga fili.

Ranar Alhamis da yamma muna kan tebur, ni da Baba da yayarsa Gwaggo Stefka. Na dafa firogi, curin fulawar nan mai dankali da cuku a ciki, na soya albasa na zuba a kai. Gwaggo ta zo da rigar sanyinta ja mai lambar Rylan a baya, wadda take sawa ko a coci in ba a hana ta ba. Shekararta sittin da takwas, kuma babu alƙalin wasa a yankin nan da bai san muryarta ba.

“Ya ƙare,” in ji Baba, yana yanka firogi biyu. “Yaron nan ya ƙare, Stefka. Ki cire rigar nan ki yi tsumman goge mota da ita.”

“Kai ne ka ƙare, mai sanƙo. Shekara ashirin da takwas ce ƙarewa? Ɗan baya sai ya doshi talatin yake sanin ciwon kansa.”

“Da wace gwiwar? Tun da likitoci suka yanka ta, tafiyar agwagwa yake yi.”

“Wace gwiwa aka yanka?”

“Gwiwa dai.”

“Ta dama!” Gwaggo ta buga cokali a tebur har ruwan kofina ya yi tsalle. Ta zaro ɗan littafinta daga jaka, wanda take rubuta kowane wasa a ciki. “Ta dama aka yi wa aiki, amma ta hagu ake wuce shi. Sau talatin da takwas aka wuce shi bara ina kallo, talatin da ɗaya duk lokacin da zai juya hagu ne. In yana tafiya da baya lafiya lau. Da zarar zai juya hagu sai ƙafar ta zame kamar ya taka sabulu. Wannan ba gwiwa ba ce, akwai wani abu.”

Ni 'yasu! Firogin da ke bakina ya bi ta hanyar da ba tasa ba. Na hau tari har da hawaye, Gwaggo tana dukan bayana kamar tana kakkaɓe darduma.

“Ki ci a hankali,” in ji Baba. “Af, Dokta Nevin na Yorkton ya sake tambayar ki. Mutum mai hankali, mai haƙori talatin da biyu, kuma duk nasa ne na kansa.”

“Baba, haƙori zan aura?”

“To gara haƙori da mutumin da yake ajiye murmushinsa a kofi.”

“Rabu da shi, 'yar nan,” in ji Gwaggo. “Haushi ne ke cin sa don yaro ya daina aiko masa da ƙarafunan takalminsa ya wasa. Orest, ranar Asabar wakilin wata ƙungiya zai zo ya ga Rylan a fili. In ya gayyace shi sansanin gwaji, kai za ka riƙe mini ƙararrawata ta filin wasa duk damunar ƙanƙarar bana, ka zauna kusa da ni kana kaɗawa.”

“In bai gayyace shi ba fa?”

“In yi wasa guda cur ban zagi alƙali ba.”

Baba ya miƙa mata hannu da sauri. Ya ce ko don ya ga wannan rana zai yi addu'a yaron ya faɗi.

To, ku matso in faɗa muku abin da ya shaƙe ni, don ba albasa ba ce.

Ƙarfen da ke ƙasan takalmin ƙanƙara ba kamar wuƙa yake ba. Yana da ɗan kwari a tsakiya da baki biyu, kuma zurfin kwarin ne ke sa ƙarfen ya ciji ƙanƙara ko ya zame. Baba yana da wani tsohon gwangwanin biskit cike da katuna, kowane yaron garin nan da nasa ma'aunin. Kuma yana da doka guda da ya gada daga kakanmu: ba a faɗa wa ɗan wasa ma'auninsa. Cewarsa, yaro in ya san lambarsa sai ya fara tunani da ƙafa. Kai dai ka ajiye takalmi ka ce “kamar kullum,” ka dawo ka ɗauka.

Rylan yana ɗan shekara tara ya faɗo daga motar hatsi ya karya idon sawun hagu. Ƙashin ya haɗe da ɗan karkata, kaɗan ƙwarai, ko uwarsa ba ta lura ba. Baba ya lura. Tun daga ranar yake wasa masa ƙafar hagu daban da ta dama: kwarin ya fi zurfi, bakin ciki ya ɗan fi na waje tsayi, gwargwadon kaurin gashi. Rylan bai taɓa sani ba. Ko da ya zama babban ɗan wasa, duk sati uku sai ƙunshin ƙarafunansa ya iso ta gidan waya, Baba ya wasa, ya mayar. Baba ba ya faɗa, amma ranar da ƙunshin ya zo har waƙa yake yi a bakin inji.

Sai wata Talata, shekara biyu da suka wuce. Rylan ya gama jinyar gwiwa zai koma wasa. Ni kuma da safen nan na ga hoton. Shi da wata doguwa a wurin cin abinci, ta zagaye wuyansa da hannu, yana dariya da haƙoran roba duk a waje. Na tura masa saƙo, shiru. Na kira, shiru. Ina tsaye a shago ina tafasa sai wayar shago ta yi ƙara. Mai kula da kayan ƙungiyarsu ne. Ya ce sun gaji da jiran gidan waya, sun sayi sabon inji mai kwamfuta, a karanto masa ma'aunin Demchuk kawai.

Baba ya fita shan kofi. Na buɗe gwangwani, na zaro katin, na dube shi da idona. Sannan na ce, da muryar 'yar kirki, “Maigidan ya ce babu wani abu na musamman. Rabin inci, duka ƙafa biyun iri ɗaya.”

A raina cewa na yi, bari ya ɗan sha ƙasa sau biyu a gaban doguwar tasa, gindinsa ya ji sanyi, sai in kira in gyara.

Kwana huɗu bayan nan na gano doguwar 'yar kawunsa ce ta Winnipeg, mai 'ya'ya uku, wadda har wasan 'yar tsana mun yi da ita muna yara. Wayarsa kuwa a ɗakin canza kaya ya manta ta.

Za ku ce me ya hana ni kira in gyara. Ai na ɗaga wayar ya fi sau ashirin. Watan farko bai yi muni sosai ba, na ce kin gani, kaurin gashi ne kawai, ba shi da wani tasiri. Wata na biyu kowa ya ce gwiwa ce, na bi sahu na ce gwiwa ce. Da ya yi ƙorafin takalmi, suka ɗora ƙarafunan a injinsu suka nuna masa duka biyun daidai suke cif, yadda aka ce Baba ya faɗa, suka tura shi wurin likitan kwantar da hankali. Daga nan kuma tsoro ya kama ni. Kullum laifin yana ƙara girma, bakina yana ƙara nauyi.

Baba ya ga ƙunshi ya daina zuwa babu ko sallama, ya ce yaro ya yi girman kai. Rylan kuma aka ce masa tsohon ya ce babu wani abu na musamman, ya ɗauka Baba ya gaji da shi ne. Kun san mazan garinmu. Za su shekara goma da abu a ciki, in sun haɗu a hanya kowa ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, an gaisa ke nan.

Ina wanke kwanuka saƙon Rylan ya shigo.

“Asabar ƙarfe tara. Minti arba'in zai ba ni.”

“Za ka iya,” na rubuta, har da hoton zuciya uku, munafuka.

“In ya yi kyau ina da tambayar da zan miki.”

Na goge hannuna a wando. “In bai yi ba fa?”

“In hau motar girbin babana in rufe bakina. Ba zan ce ki auri allon bakin titi ba.”

Na tsaya da waya a hannu, kumfa tana ɗiga a ƙafata. Wato in na yi shiru, ya faɗi ranar Asabar, na rasa tambayar. In na yi magana, na rasa mai tambayar. Kai, Larisa, kin iya dafa wa kanki.

Ranar Juma'a da safe ƙararrawar ƙofar shago ta yi ƙara, sai ga shi. Riga mai akwati-akwati, hular kamfanin taki, ƙurar alkama har gira, takalman a rataye a kafaɗa. Ya ɗan sunkuya don kada kansa ya bugi ƙofa. Na yi kamar ina jera igiyoyin takalmi, alhali sau uku na canza riga da safen nan kafin na tsaya a kan shuɗiyar da ya taɓa cewa ta yi mini kyau.

“Ina kwana, Malam Orest.”

“Lafiya.” Baba bai ɗago ba.

Rylan ya ajiye takalman a kan kanta, ya yi gyaran murya. “Kamar kullum.”

“Kullum ɗin wa? Kullum ɗinka ai ya mutu shekara biyu ke nan. Ka kai wa kwamfuta.”

“Gobe ne kawai nake roƙo.”

“Injina tsoho ne, ni ma tsoho ne. Ba mu iya aikin manya ba.”

Kunnuwan Rylan suka yi ja. Ya dube ni, na dubi igiyoyi. “To ga su nan,” ya ce. “Ko ka wasa, ko ka jefa a shara.” Ya fita.

Ƙarfe goma daidai Baba ya ɗauki hularsa ya tafi shan kofi da tsofaffin garin a gidan man fetur, inda na tabbata za a sake yanka Rylan a soya. Awa guda yake yi, ba ya ƙari ba ya ragi. Na juya allon ƙofa, na ɗaure gashina, na buɗe gwangwanin biskit. Katin yana nan da rubutun Baba na fensir: Demchuk R., hagu, a kula.

Tun ina shekara sha huɗu nake wasa takalman yara, amma ban taɓa taɓa na Rylan ba. Na gyara dutsen washi, na ɗaure ƙafar dama, na bi da ita sau shida, tartsatsi yana tashi. Wannan mai sauƙi ce. Ta hagu kuwa sai da na sake gyara dutsen, na ɗan ɗaga maƙalin yadda na sha ganin Baba yana yi yana cije leɓe. Na ce, ke, hannun da bai yi rawa ba ranar ƙarya, yau ne zai yi? Na bi a hankali. Na gwada bakin a farcen babban yatsana, ya kankare shi sumul. Na share garin ƙarfen, na mayar da kati, na fesa turaren ɗaki don kada Baba ya ji ƙaurin dutse.

Sannan na ƙara wata ƙaryar a kan ta da, don wanda ya saba ba ya jin nauyi. Na rubuta wa Rylan: “Baba ya sauko. Ka zo ta ƙofar baya ka ɗauka, kada ka yi masa maganar, ka san halinsa.” Da Baba ya dawo ya ga babu takalma, na ce mai su ya zo ya kwashe kayansa. Ya ce ya fi nono fari, ya shige ciki.

Asabar ƙarfe tara saura, rabin garin yana filin, a tsakiyar girbi fa. Mutane sun kashe injuna a gona sun zo da kofunan kofi. Gwaggo tana layin gaba da jar rigarta da ƙararrawar shanu a cinya. Baba ya ce shi ba kallo ya zo ba, ya zo duba ƙofar filin ne da take ƙara, amma ya tsaya a bayan gilashi bai ko kalli ƙofar ba. Wakilin wani siriri ne mai baƙar jaket, ya zauna can sama shi kaɗai, fuskarsa kamar an aiko shi gaisuwar mutuwa. Ya zo da wani matashin ɗan gaba mai gudun tsiya, wanda aikinsa kawai ya wuce Rylan.

Rylan ya cire haƙoransa ya miƙa mini a ɗan akwatinsu. “Riƙe mini.” Wannan ita ce soyayyar garinmu, kada ku yi dariya.

Ya zagaya fili sau biyu. A zagaye na biyu ya ɗan tsaya, ya dubi ƙafarsa ta hagu kamar wani ya kira sunansa daga can. Aka busa. Matashin ya koro faifan robar da ake bugawa da gudu, Rylan yana ja da baya, sanda a gaba. Yaron ya yi kamar zai bi dama, ya karya hagu, don kowa a ƙasar nan ya san ta nan ake wucewa.

Rylan ya juya hagu. Ƙanƙara ta yi ƙara, ƙarrr, ƙarfe ya cije. Kafin yaron ya ankara an matse shi da katakon gefen fili, faifai ya tafi wani wuri, shi kuma yana zaune a ƙasa yana neman sandarsa.

Gwaggo ta miƙe tana kaɗa ƙararrawa. “Sake biyo ta hagun, ɗan nema! Biyo mana, ai gidan ubanka ne!”

Ya sake biyowa. Sau tara ya gwada, sau ɗaya ya wuce. Ni kuwa ina matse da akwatin haƙora a ƙirji, ina dariya ina hawaye, don kowane juyi da ya yi lafiya yana nuna mini abin da na ƙwace masa shekara biyu. Da na waiga wurin Baba, ba Rylan yake kallo ba. Layin da ƙarfen ya zana a kan ƙanƙara yake kallo, ya haɗe gira.

Wakilin ya sauko, ya yi magana da Rylan minti biyu. Ba kwangila ba ce, gayyata ce zuwa sansanin gwaji nan da kwana tara. Gwaggo ta rataya wa Baba ƙararrawa a wuya a gaban kowa, ta ce ya fara koyo.

Da rana muna shago mu uku, Gwaggo tana ta maimaita labarin kamar ba tare muka gani ba, sai Rylan ya shigo. Ya yi wanka, ya sa farar riga mai maɓalli, ya mayar da haƙora. Takalman a hannu ɗaya. A aljihun wandonsa akwai wani ɗan tudu mai kusurwa huɗu, na gan shi tun daga ƙofa.

Na yi masa ido, na girgiza kai, na yi tari. Ina! Ya wuce ni ya rungume Baba har ƙafafun tsohon suka bar ƙasa.

“Larisa ta ce kada in yi magana, amma ba zan iya ba. Na gode. Ƙafata ta dawo, Malam Orest. Ban san me ka yi ba.”

“Sauke ni. Ni ban yi komai ba.”

“Na sani, na sani, ba ka son godiya.”

“Na ce ban taɓa takalminka ba!”

Baba ya fizgi na hagun, ya juya shi, ya ɗaga wa haske, ya bi bakin da farce. Ya daɗe yana kallo. “Wannan yankana ne,” ya ce a hankali. “Amma ba hannuna ba ne.” Ya ɗago. “Tsaya. In wannan ne ya dawo maka da ƙafa, to da me kake wasa shekara biyu?”

“Da abin da ka faɗa musu mana. Rabin inci, duka biyun iri ɗaya.”

“Iri ɗaya? Ƙafarka ta hagu? Ni na faɗa?”

“Sun kira shagon nan. Aka ce ka ce babu wani abu na musamman.”

“Babu wanda ya taɓa kira na.”

Gwaggo Stefka, wadda ba ta taɓa yin shiru ba tun da aka haife ni, ta rufe littafinta a hankali. Mutum biyu ne kawai ke ɗaga wayar shagon nan, kuma ɗaya ya riga ya ce ba shi ba ne.

Rylan ya juyo. Ya sa hannu a aljihu, ya fito da ɗan akwatin, shuɗi mai laushi, ya ajiye a kan kanta tsakanina da shi. Bai buɗe ba.

“Larisa. Wa ya ɗaga wayar?”

Ina da ƙarya uku a shirye, kyawawa, ɗaya ma har da mai gyaran famfo a ciki. Na dubi akwatin, na dubi idon sawunsa.

“Ni ce,” na ce. “Na ga hotonka da 'yar kawunka, ban gane ta ba. Katin yana hannuna, na karanta musu ƙarya. Daga baya na ji tsoro.”

“Shekara biyu,” ya ce. Ba da ƙarfi ba, da ma ya yi ihu. “Har wurin likitan ƙwaƙwalwa suka kai ni. Kina kira na kina ce mini in yi haƙuri.”

Baba ya zauna a kan kujerar gwada takalmi, ƙararrawar da ke wuyansa ta yi ƙara sau ɗaya. Ba wanda ya yi dariya.

Rylan ya ɗauki akwatin ya mayar aljihu. Ya kai ƙofa, ya riƙe mariƙin, sai ya tsaya. Ya dawo, ya ɗauki takalman daga gaban Baba, ya turo su gabana har suka bugi cikina.

“Kwana tara,” ya ce. “Ƙarafunan takalmi guda shida nake so, hagu da dama. Ke za ki wasa.”

“Rylan, tambayar fa?”

“Kamar kullum,” ya ce wa takalman, ba ni ba. Ya fita.

Ga ni nan a bakin inji, na gama biyu saura huɗu, farcena duk ya kankare. Baba ba ya mini magana sai ta bakin Gwaggo. Ƙafarsa dai ya bar mini a hannuna, amma akwatin ya tafi da shi.